Pan Leszek a Kujerar Fasinja

Duk wanda ya taɓa zama a Olszanka, ko da na kaka ɗaya ne, ya san ƙarar motar Leszek Drabik. Tun daga kwanar gada ake jiyo ta. Matan da ke hira a ƙofar kantin ƙauye sai su ja da baya su manne da shinge, wata ta ce, "Ku kauce, ga Rakieta nan." Sunan da aka laƙaba masa ke nan tun yana saurayi, wato roka, kuma bai taɓa jin haushinsa ba. Ko waya ya buga wa mutum, da shi yake gabatar da kansa.

Ubansa manomin tuffa ne, kamar kusan kowa a wannan yanki na Sandomierz. Leszek bai gama firamare ba ya fara hawa tarakta, kuma a makon farko ya kife da ita a cikin kududdufin maƙwabci, da kabejin mutane jibge a baya. Ya sha duka a ranar, amma da aka tambaye shi abin da ya faru cewa ya yi taraktar ce ba ta da ƙarfin shan kwana. Da ya shiga soja aka ba shi tuƙin wani hafsa, wanda bayan wata biyu ya roƙi a canja masa direba saboda yana da hawan jini. Da ya dawo gida ya auri Bogusia, 'yar mai gasa burodi, wadda ke dafa abincin yara a makarantar ƙauyen. Sun yi shekaru suna jiran layi kafin su sami ƙaramar motarsu ta farko, Maluch ja, wadda idan mutum huɗu suka shiga sai gwiwoyinsu su taɓa haɓa. Leszek ya matse ta har ta riƙa kuka kamar keken ɗinki.

Bayan an buɗe iyakokin ƙasar da sauran Turai ya koma jan tirela. Ya kai nama Jamus, ya ɗauko furanni daga Holland, ya kwana a layin kan iyaka har ya san mai sayar da tsiran alade na kowace tasha. Oba-obarsa ba ta mutuwa. Shi ne na farkon sanar da 'yan uwa direbobi inda 'yan sanda suka laɓe da na'urar auna gudu, wadda suke kira mai busar da gashi. Idan kuma a ƙaramar mota yake, ya wuce 'yan sanda, to duk motar da ta taho daga gaba sai ya ƙyafta mata fitila sau biyu. A wurinsa wannan zumunci ne, kamar ba wa baƙo ruwa.

Abin taƙamarsa ɗaya ne, kuma yakan faɗe shi a kowane biki da zarar an zagaya da kwalba: "Shekara arba'in ina kan titi, ban taɓa buge ko kaza ba."

"Kajin Pani Wanda fa?" Bogusia takan tambaya daga ɗaya gefen tebur.

"Waɗannan su suka buge ni."

Ita Bogusia tana da lasin. Mutane da yawa ba su sani ba, domin ba a taɓa ganinta a bayan sitiyari ba. Ta ci jarrabawar tuƙi a karon farko, shi kuwa Leszek sai a na biyu, maganar da ba a tayar da ita a gidan. Sau ɗaya ta tuƙa Maluch ɗin yana zaune a gefe, yana ihun "Giya! Sa giya ta uku! Ke, keke ma ya wuce mu!" Ta taka birki a gaban coci, ta zare makulli ta ajiye masa a cinya, ta tako gida da ƙafa. Tun daga ranar ta zama fasinja. Takan ɗaura bel, ta riƙe carbinta, idan ya tashi shan gaban wata mota ta rufe ido.

Da bayansa ya fara ciwo sai ya bar tirela ya dawo gonar tuffar da ya gada. Ya sayi farar motar ɗaukar kaya mai rufi, da ita yake kai akwatunan tuffa kasuwar 'yan sari. Gashinsa ya yi fari, tumbi ya fito, amma ƙafar dama tana nan yadda take. Ɗansu guda yana aikin gini a Dublin, sai Kirsimeti ake ganinsa. Wadda ta cike musu gurbin ɗa a kusa ita ce Marzena, 'yar amininsa Tadeusz Sroka. Leszek ne ya riƙe ta ranar baftisma, shi ya saya mata keken farko, shi ya koya mata tuƙi a gonar da aka girbe. Da ta shiga aikin 'yan sanda aka tura ta sashen kula da hanya, ta fara sa farar hula, babu wanda ya kai shi murna. Ya riƙa faɗa a kasuwa, "Yanzu ina da 'ya a cikinsu. Wa zai taɓa ni?"

Ranar da aka taɓa shi, wata Talata ce a ƙarshen Satumba, tsakiyar tsinkar tuffa. Ya makara, ga wani ɗan sari daga Warszawa yana jira, ya riga ya kira sau biyu. Titin ya miƙe sumul tsakanin gonaki, rana ta fito, Leszek ya taka totur. Ya ga allon shiga ƙauyen Kamionka kamar yadda ya saba ganinsa, bai ɗaga ƙafa ba. Motoci biyu sun wuce shi daga gaba, babu wadda ta ƙyafta masa fitila. Sai daga bayan rumfar jiran bas wani dogon ɗan sanda ya fito riƙe da mai busar da gashi, wata kuma ta ɗaga jan faifai ta nuna masa gefen hanya.

Da ya ga fuskarta sai hankalinsa ya kwanta. Ya sauke gilashi yana murmushi.

"Marzenka! Wallahi kin ba ni tsoro. Ya babanki da ƙafar tasa?"

"Barka da rana, Pan direba," ta ce, wato Malam direba, ta sara masa ta faɗi sunanta da muƙaminta kamar ba ta taɓa ganinsa ba. "Ka san gudun da kake yi?"

"Pan direba? Ni ne Pan direba?"

"Ɗari da takwas, a inda aka ce hamsin. Ga makaranta can, ga wurin tsallakawa."

"Yara suna cikin aji yanzu, haba. Wannan abin busar da gashin naku ma ƙarya yake yi, motar da ke ɗauke da tuffa ina za ta kai haka?"

Dogon ɗan sandan ya juyo masa da na'urar ya nuna masa lambar. Leszek ya duba, kuma a can ƙasan ransa har ya ɗan ji daɗi, don bai zaci motar tana da wannan ƙarfin ba. Daɗin bai daɗe ba.

"Ka wuce ƙa'ida da fiye da hamsin a cikin gari," in ji Marzena. "Akwai tara, akwai makin laifi, kuma an riƙe lasinka wata uku. Za ka iya tuƙawa zuwa gobe war haka, ka kai kayanka ka koma gida. Bayan nan kada a gan ka a bayan sitiyari."

Ya fito daga motar, ya rage murya don kada abokin aikinta ya ji. "Yarinya, ni na riƙe ki a coci kina tsala ihu, har kika yi mini fitsari a sabon kwat. Wata uku? A tsakiyar kaka? Tuffar ta ruɓe a bishiya?"

Kunnuwanta sun yi ja, amma muryarta ba ta girgiza ba. "Ka sa hannu a nan, Pan direba."

Ya sa hannu har alƙalamin ya huda takardar. A kasuwa ɗan sarin ya riga ya saya a wurin wani ya tafi. Leszek ya karyar da kayan ya dawo gida a hankali, tafiyar da ba a taɓa ganin ya yi ba, har matan ƙofar kanti suka bi motar da kallo suna tambayar ko an yi rasuwa ne.

Bogusia tana murza ƙullun pierogi, ƙunshin fulawar nan da ake cusa wa cuku ko nama a dafa, lokacin da ya ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, da zagin na'ura, da zagin motocin da suka ƙi ƙyafta fitila, da rantsuwar cewa ƙafar Marzena ba za ta sake taka gidan nan ba.

"Ka gama?" ta ce. "Allah ya yi mata albarka."

"Ke ma?"

"Wanke hannu ka zo ka ci abinci, tsoho."

Kwana biyu yana neman direba. A lokacin kaka kowa da nasa aikin. Tadeusz ya ce da ya zo, to amma ƙafarsa tana cikin filasta, kuma ya ƙara da cewa shi ba ya shiga tsakanin 'yarsa da aikinta. Akwatuna suka taru a rumbu har bakin ƙofa. Da safiyar Juma'a Leszek ya fito ya tarar da Bogusia zaune a kujerar direba, ta sa matashi biyu a ƙarƙashinta, ta ɗaura sabon ɗankwali, tana gyara madubi.

"Me kike yi a nan?"

"Shiga ta can. Amma da sharaɗi: kalma ɗaya a kan giyar mota, in sauka in tafi gida. Ka san na iya."

Motar ta mutu sau uku kafin su fita daga tsakar gida. Leszek ya cije leɓe har ya ji ɗanɗanon jini. A kan titi Bogusia ta kama gudu arba'in ta riƙe shi gam kamar amana. Ba a jima ba motoci suka jeru a bayansu, ana ta danna oda. Wani mai tarakta ya sha gabansu, ya leƙo ya ga wanda ke zaune a gefe, ya kusa faɗowa don dariya. Leszek ya zame ƙasa a kujera ya ja hularsa ya rufe ido. Ƙafarsa ta dama tana ta taka dandamalin mota inda babu komai.

A shatale-talen shiga gari ta zagaya sau biyu domin ta rasa mafita.

"Bogusia…"

"Kalma ɗaya."

"Cewa zan yi ɗankwalin ya yi miki kyau."

A kasuwa labari ya riga su isa. 'Yan dako suka jeru suna tafi. Wani mai sayar da albasa, Pan Zenon, ya buɗe wa Leszek ƙofa ya rusuna ya miƙa masa hannu kamar amarya. "A hankali, ranka ya daɗe, kada ka yi tuntuɓe. Pani Bogusia, nawa kike biyan yaron motar nan naki?"

"Abinci kawai," ta ce. "Shi ma yana neman fin ƙarfina."

Abin da ya fi ba Leszek haushi shi ne, ita ta fi shi iya ciniki. Shi yakan karyar don ya kama hanya da wuri. Ita kuwa ba ta sauri. Ta ɓare tuffa ta ba ɗan sari ya ɗanɗana, ta tambaye shi lafiyar 'ya'yansa, ta ƙi ragi tana murmushi har ya gaji ya saya.

Haka Oktoba ta wuce. Arba'in ɗin Bogusia ya zama hamsin, daga baya a wajen gari har saba'in. Motar ta daina mutuwa. Shi kuma da ya ga ba shi da aikin yi sai ya fara kallon taga. Hanyar da ya bi tun yana yaro, ashe bai san ta ba. Bai san an rufe tsohon injin niƙa an mai da shi wurin wankin mota ba. Bai san cewa a Kamionka babu hanyar masu ƙafa ba, cewa tsofaffi a bakin kwalta suke tafiya da jakunkunansu, iskar manyan motoci tana kaɗa musu riguna. Ƙananan gicciyen da ake kafawa a gefen titi inda wani ya rasu, ya san suna nan, kamar yadda ya san akwai turakun lantarki. A gudun Bogusia har sunayen ana iya karantawa. Wata rana ya karanta ɗaya, a gindin wata bishiya bayan kwanar gada, da furannin roba da suka koɗe.

"Wannan ba ɗan Pan Henryk makaniki ba ne?"

"Shi ne. Ai ka je jana'izar."

"Na je. Ban san a nan ba ne."

Ta dube shi ta wutsiyar ido, ta sa sigina ta shiga kwanar gida.

Da Marzena kuwa gaba yake yi sosai. Ranar Lahadi a coci idan ta zauna a dama sai ya koma hagu. Ta aiko da kek na cuku ta hannun mahaifiyarta, ya ce ba zai ci ba, Bogusia ta same shi a kicin da rana yana cin yanka na biyu a tsaye.

Ranar ɗaya ga Nuwamba, ranar da kowa ke ziyartar kaburburan danginsa, titin maƙabartar Olszanka ya cika tun da hantsi. Motoci daga Kraków da Warszawa sun yi fakin har cikin gonaki, masu sayar da kyandir da furanni sun kafa tebura a bakin ƙofa, 'yan sanda suna can gaba kusa da mahaɗa suna sa direbobi hura na'urar gwajin barasa. Bogusia ce ke tuƙi, tukwanen furanni a baya. Da suka iso zanen tsallakawa na gaban maƙabarta sai ta tsaya, domin Pani Stefania, tsohuwar da ta yi aikin gidan waya shekara da shekaru, ta sako ƙafa a kan titi. Tana rungume da tukunyar fure mai ruwan ɗorawa wadda ta rufe mata rabin fuska, ɗaya hannun da sanda.

Leszek, da tsohuwar al'adar direba, ya kalli madubin gefe. Wata baƙar mota ta fito daga layin da ke bayansu ta hau ɗaya hannun, tana tahowa da gudu. Motarsu doguwa ce mai rufi. Mai baƙar motar ba ya ganin tsohuwar, ita ma ba ta ganinsa.

"Oda!" ya daka tsawa. "Bogusia, oda!"

Ta danna da hannu biyu. Pani Stefania ta firgita ta tsaya cak a gaban motarsu, tukunyar ta suɓuce. Baƙar motar ta wuce fuu, tayarta ta bi ta kan furen ta watsa ƙasa da ɓaraguzai har kan takalmin tsohuwar. Taku ɗaya ya rage.

Leszek bai san lokacin da ya fita ba. Ya kama Pani Stefania ya tsallakar da ita ya zaunar a kan kujerar mai sayar da kyandir. Ita ba ta ma gane abin da ya faru ba, faɗa take yi: "Wace marar kunya ce ta danna mini oda haka? Furen Kazik ɗina ne, tun bazara nake renonsa!"

A can gaba 'yan sanda sun riga sun tare baƙar motar. Leszek ya nufi wurin yana haki, ciwon baya ya manta da shi. Direban ya fito, saurayi ne da gilashin rana a goshi, Kamil, jikan maƙwabcinsu wanda ke aiki a Kraków. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Kai mahaukacin ina ne?" Leszek ya fara tun daga nesa. "Ka ga mota ta tsaya a wurin tsallakawa, ka ce me ta tsaya yi? Hutawa? Da ka kashe tsohuwar nan a ƙofar maƙabarta, ko ɗauka ba sai an yi da nisa ba!"

Duk da haka bakin saurayin bai mutu ba. "Pan Rakieta ne ke yi mini faɗan gudu? Bara a daidai wurin nan ka sha gabana, ina tsaye ina jiran masu keke su wuce. Har hannu ka ɗaga mini."

Cikin mutanen da suka taru wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Leszek ya tuna ranar. Ya tuna har da ɗaga hannun.

Marzena ce ke riƙe da takardun saurayin. Ta matso ta taɓa hannun rigar Leszek, ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Kawu, koma wurin Goggo. Wannan aikina ne, zan yi shi."

Ya koma. Bogusia ta gyara fakin a gefe, tana zaune tana jiransa. Ya buɗe bayan mota ya ɗauki tukunya mafi girma cikin nasu, wadda aka saya don kabarin ubansa, ya kai wa Pani Stefania, ya raka ta har kabarin mijinta. Ta karɓa tana cewa launin bai kai nata ba.

Bayan mako biyu aka yi taron ƙauye a zauren 'yan kwana-kwana, kan batun gyaran magudanar ruwa. Da dagaci ya tambaya ko akwai mai wata magana, Leszek ya miƙe ya ce yana so a rubuta wa hukumar hanya a yi tudun rage gudu a gaban maƙabarta, da ɗan tsibiri a tsakiyar titi inda mai tsallakawa zai tsaya. Zauren ya kece da dariya har dagacin ya cire tabarau yana share hawaye.

"Tudun don wa, Leszek?" wani ya tambaya daga baya. "Ai mai gudun ƙauyen nan a ƙafa yake yanzu!"

"Kafin Kirsimeti zan dawo," ya ce. "Shi ya sa nake so ku yi sauri."

Aka sake fashewa da dariya, amma aka ɗaga hannu aka amince. Daga nan ya zame wa ma'aikatan hukumar ƙarfen ƙafa. Yana da lokaci, yana da direba. Duk ranar da suka dawo daga kasuwa sai ya ce Bogusia ta biya da shi ofishin, ya zauna a gaban teburin wata ma'aikaciya ya ajiye mata jakar tuffa, ta ce ba ta karɓar komai, ya ce to shi zai ci a nan yana jira. Tudun dai bai samu ba, an ce titin ya fi ƙarfin haka. An sabunta fentin, an kafa fitila mai ƙyaftawa da allo mai haske. Tsibirin kuma an yi alkawari, har yanzu yana zuwa tambaya.

Wa'adinsa ya cika ana gab da Kirsimeti. A jajibirin, da aka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur aka jera miyar gwoza da kifi, iyalin Sroka suka zo kamar kowace shekara. Marzena ta shigo a ƙarshe, cikin rigar gida, ta tsaya a bakin ƙofa tana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalmi fiye da yadda ake buƙata. Da aka zo gutsura farar wainar da ake rabawa ana yi wa juna fatan alheri, Leszek ya zagaya kowa ya bar ta a ƙarshe. Ya miƙa mata tasa.

"Ina yi miki fatan ƙarin girma a wurin aiki," ya ce. "Su kai ki Warszawa. Ko Gdańsk. Can nesa dai."

Ta gutsura tana dariya, idonta ya ciko. "Ni kuma ina yi maka fatan kada mu sake haɗuwa a bakin aiki, Kawu. Ka san ranar nan sai da na shiga mota na yi kuka?"

"Da kin yi a gabana, da na ji sanyi."

Ya rungume ta, ya ce ta rame, ya tura mata kwanon pierogi.

Washegarin biki ya tashi da wuri, ya aske gemu, ya nufi ƙusar da ake rataye makulli. Babu makulli. Ya leƙa taga, babu mota. Bogusia ta dawo da azahar, ta ce ta kai Pani Stefania wurin 'yarta a Opatów, gobe kuma akwai mata uku da za ta kai asibitin ido, jibi tana da zuwa kasuwar tsofaffin kaya.

"To ni fa?"

"Kai me? Talata da Juma'a naka ne. Sauran sai ka tambaya."

Haka aka zauna har yau. Ba za a ce Leszek ya zama waliyyi ba. A babban titi mai hannu biyu har yanzu yakan saki motar, yana cewa inji ma yana buƙatar motsa jini. Amma da ya ga allon shiga ƙauye yakan ɗaga ƙafa, yana gunaguni, yana zagin wanda ya ƙirƙiro hamsin. Idan ya tsaya wa mai tsallakawa, idonsa na kan madubi, hannunsa na kan oda.

Da bazara ta shigo, bayan furen tuffa ya zube, Bogusia ta ce ita fa ba ta taɓa ganin teku ba, alhali shi ya zagaye rabin Turai. Suka bar wa Tadeusz kare da kaji, suka cika bayan mota da bargo da kwalaben kokwamba mai tsami, suka kama hanyar arewa. Sun yi yarjejeniya shi zai ja zuwa Łódź, ita ta karɓa daga nan. Tun kafin su kai rabin nasa ta fara cewa bayansa zai yi ciwo, gara ya huta. A wani gidan mai ya shiga sayen shayi, ya fito ya tarar ta koma kujerar direba da matashin nan nata biyu.

"Ba mu kai Łódź ba," ya ce.

"Na sani. Riƙe shayin da kyau, kada ka zubar mini a kujera. Kuma ka duba mana inda za mu tsaya cin abinci, ni miya mai zafi nake so, ba irin tsiran nan naku na direbobi ba."

Ya zagaya ya shiga, ya ɗaura bel, ya ce ya san wani wuri bayan Toruń inda wata mata ke dafa miya mai kyau, in dai tana da rai.